Fuskata a Farin Ƙyalle

Na daɗe ina kewaye wannan babi. Na rubuta muku ƙuruciyata a Korgom, na rubuta yadda na haɗu da babanku, Allah ya jiƙansa, a bakin shagon ɗinkinsa, na rubuta shekarun da na yi ina koyar da kimiyya a kwalejin Tasawa, duk ban sha wuya ba. Da na iso shekarar da Mariama, autata, ta yi haihuwar fari, sai hannuna ya yi sanyi. Na san abin da kuka ɗauka. Yayanku, wanda bakina ba ya kama sunansa, ya taɓa faɗa a gabana cikin wasa cewa na hana Mariama zuwa wankan gida ne don ban so ta auri Buba ba, saboda shi ɗan makiyaya ne. Kowa ya yi dariya, ni ma na yi, na bar maganar ta wuce. Ba haka ba ne. Buba bai taɓa yi mini komi ba sai ladabi. Abin da ya faru ya fi wannan ƙanƙanta, ya kuma fi shi ban kunya, shi ya sa na gwammace ku zarge ni da wancan.

A lokacin shekarata biyu da barin aiki. Mariama tana Issawane, inda Buba yake majo, wato babban ma'aikacin jinya, a ƙaramin asibitin garin, cikinta wata bakwai. Mun riga mun shirya komi: za ta taho Tasawa ta haihu, in yi mata wankan kwana arba'in kamar yadda uwata ta yi mini. Babanku ya tara itace a bayan madafa har ya kusa kai kan katanga, na sayi sabuwar tukunyar wanka, na tanadi kanwa da kayan yaji. Buba kuma ya aiko da cewa in mace ce, sunana za a sa mata.

Wata safiya ta damina na zauna alwala, na kurɓi ruwa zan kuskure baki, sai ruwan ya zubo ta gefen hagu ya jiƙa mini gaban riga. Na sake, ya sake zubowa. Na ɗaga kai zan kira babanku, na ji sunan ya fito a karkace. Da ya fito daga ɗaki ya dube ni, sai na ga butar hannunsa ta yi ƙasa a hankali, kamar wanda yake tsoron ta yi ƙara. Likita ya ce ba shanyewar jiki ba ce, jijiyar fuska ce ta kwanta, kuma mutane da yawa tana tashi musu cikin 'yan makonni. Tawa ba ta tashi ba sai kaɗan. Bakina ya ja zuwa dama, kumatun hagu ya sauko, idon hagu ba ya rufuwa ko ina barci, kullum yana zubar da ruwa kamar mai kuka da ido ɗaya.

Mata suka yi ta zuwa dubiya. Wasu su ce iska ce ta mare ni, wasu su kawo hayaƙi, wasu rubutu. Na sha abin da zan iya sha don kada in ɓata musu rai. Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne yadda suke gaishe ni suna kallon tabarma. Ni da na shekara talatin ina tsayawa gaban aji, ido sittin a kaina, yau ga waɗanda na koyar sun zama matan aure ba sa iya haɗa ido da ni. Ranar nan Hajiya Mairo, maƙwabciyarmu ta katanga ɗaya, ta tsaya bayan kowa ya watse. Ba ta da mugunta, har gobe ina shaidarta da wannan. Ta matso ta rage murya.

"Madam, ɗiyar nan taki mai ciki, kada ki bari ta gan ki haka. Kin san abin da mai ciki ta gani ta razana, shina iya bin abin da ke cikin."

Na yi mata dariyar da bakina ya iya, na ce Hajiya, wannan zancen ba shi da tushe. Kuma na san ba shi da tushe, na koyar da yadda ɗa yake kama da iyayensa ya fi sau ɗari, da alli a hannuna. Amma da ta tafi maganar ta zauna. Ba wai na yarda da ita ba, sai dai ta ba ni abin da nake nema, wato dalilin ɓuya wanda ya yi kama da ƙauna. Na sa babanku ya yi mini alkawari ba zai faɗa wa kowa a cikinku yadda abin yake ba. Aka ce muku zazzaɓi ne da ciwon haƙori. Na juya madubin ɗakina ya kalli bango, na daina fita ko ƙofar gida, na koyi jan mayafi ya rufe rabin fuska ko da ni kaɗai ce a tsakar gida.

Da watanta ya kama, Mariama ta kira ni a waya, muryarta cike da murna.

"Inna, Buba ya samu mota, jibi in sha Allah ina tahe."

Na ce, "Ki zauna nan. Goggo Aisa tana kusa da ku, ta fi ni sanin wanka."

Goggo Aisa ita ce uwar Buba, rugarsu ba nisa da Issawane. 

"Inna, mi na yi miki?"

"Ba ki yi komi ba."

"To don mi?"

"Na gaya miki ki zauna. Ba ni da lafiyar ɗawainiya."

Ta ce to. Ba ta yi gardama ba, ba ta yi kuka inda zan ji ba. Da ma ta yi gardamar. Babanku yana zaune a gefen keken ɗinkinsa yana jin mu, ranar bai taka keken ba har rana ta faɗi.

Ta haifi mace ana tsakiyar girbin gero. Babanku ya tafi suna shi kaɗai, da turmin atamfa da 'yan rigunan da ya ɗinka da hannunsa. Ya kwana biyu ya dawo da ƙurar hanya har gira. Na kawo masa ruwa, ya sha, ya ajiye kwanon, sannan ya ce an raɗa suna A'isha, sunan uwar Buba. Na ce suna mai kyau, Allah ya raya. Na tambaye shi ko Mariama ta aiko da wani saƙo. Ya daɗe yana kwance igiyar takalminsa.

"Abu ɗaya ta tambaye ni. Ta ce, Baba, tana dai cin abinci?"

Daga ranar wayarta ta koma gaisuwar Juma'a, ita ma da babanta. Ni kuwa ina jin ƙarar wayar in tashi in shiga madafa. Itacen nan da aka tara na wanka, da shi na yi ta dafa tuwo, kowace rana in ciro ɗaya ina jin kamar sata nake yi.

Ana cikin haka babanku ya shiga gyara ɗakin ajiya don a sa damman geron da aka kawo mana daga gonar Maijirgi. Ya fito da wani kwali ya dire a gabana. Kayana ne na kwaleji, ciki har da gwangwanaye biyu na gari, ɗaya kore-kore, ɗaya ja kamar garin tattasai. Da su nake yi wa ɗalibai wani gwaji kowace shekara, wanda a littafi ake kira siyanotip, mu kuwa a aji muna ce masa hoton rana. Ana jiƙa kowane gari daban, a haɗa su daidai wa daida, a shafa a takarda ko farin ƙyalle a cikin inuwa, a bari ya bushe. Sai a ɗora ganye ko wani abu a kai, a danne da gilashi, a kai rana. Inda rana ta taɓa ya zama shuɗi, inda abin ya kare ya zauna fari. A wanke da ruwa, shi ke nan. Babanku ya sa hannu a aljihu ya ciro guntayen farin yadi, ragowar ɗinki, ya ɗora kan kwalin.

"Madam, waɗanga in zubar da su ne, ko kina da sauran aiki da su?"

Madam yake ce mini tun ranar da aka ba ni aji, in yana son tsokana. Na ce ya zubar. Bai zubar ba, ya bar su nan gindin zogale ya tafi masallaci. Kwana uku suna wurin. Ran na huɗu na gaji da tsallake su, na ce bari in gani ko garin ya mutu.

Bai mutu ba. Na fara da ganyen zogale, na yi zangarniyar gero, na yi gashin zabo da matacin kaina. Ban san na yi kewar aikin hannu irin wannan ba sai da na tsoma ƙyallen farko a ruwa, ruwan ya yi ɗorawa-ɗorawa, shuɗin ya fara tasowa yana ƙara duhu, ga ganyen nan fari tas har da 'yan jijiyoyinsa. Na ji na ce kai! da ƙarfi, ni kaɗai. Wata uku ke nan ban ji muryata ta fita haka ba. Daga nan na ɗora tafin hannuna. Daga hannu sai tunani ya zo mini: in hannu ya fito, kai ma zai fito. Na sa babanku ya yanko yadi mai faɗi, na shafe shi a ɗaki, na shimfiɗa a tsakar gida da rana tsaka, na kwanta na ɗora gefen fuskata a kai. Minti goma sha biyar ba motsi. Shi yana tsugune da agogo a hannu, ya ɗora mini jiƙaƙƙen tsumma a ido, yana ta mita cewa in wani ya yi sallama yanzu za a ce mu biyun duka mun taɓu.

Abin da ya fito ya yi kyau ƙwarai. Farar inuwar mace a cikin shuɗi, ga goshi, ga hanci, ga ɗaurin kallabi, ba ido, ba baki, ba karkata. Na so shi har na yi guda shida. Babanku ya bi gefensu da keke ya kalmashe, na shanya su a igiya, ina zaune ina kallo iska tana kaɗa su. Ya zo ya tsaya a bayana.

"Sun yi kyau," in ji shi. "Amma wagga ai kowace mace ce a Tasawa. Hajiya Mairo ma in ta kwanta haka za ta hito. Ni ina tawa matar?"

Na ji haushi sosai. Na ce shi da ba a fuskarsa abin yake ba, yana da bakin magana. Kwana biyu ban ce masa komi ba in ban da ga abinci. Shi kuma bai ba ni haƙuri ba, abin da ba halinsa ba ne, don babanku mutum ne mai saurin cewa yi haƙuri ko ba shi da laifi. Ran na uku da hantsi ya fita kasuwa ya bar wayarsa a kan turmi, a jingine da taɓarya, tana kallon inda nake zama. Ban taɓa tambayarsa ko mantuwa ce ba.

Na san yadda ake sa ta ƙirga goma kafin ta ɗauka. Na danna, na koma na zauna, na ja mayafi ya rufe hagu, na ba ta dama. Na ɗauki wajen ashirin, duk iri ɗaya. Amma hoton waya ba ya hawa ƙyalle haka nan, sai an juya shi, fari ya koma baƙi, baƙi ya koma fari, abin da masu hoto na da suke kira kilishe. Babanku ya kai wayar shagon fotokopi aka juya aka buga a takarda. Ni kuma na shafe takardar da man gyaɗa har ta zama haske yana ratsa ta, na goge, na shanya. Gidan duk ya ɗauki ƙanshin ƙuli-ƙuli. Babanku ya ce tun da aka haife shi bai taɓa ganin kilishin da ake shafa wa mai a shanya a rana kuma a hana mutum ci ba. Na yi dariya har ruwa ya zubo mini ta ido biyun, na manta ban kare baki da hannu ba.

Ƙyallen farko da na ɗora wa takardar ya ƙone, fuskar ta nutse cikin shuɗi ba a ganin komi. Na biyu bai ji rana ba, ya wanke ya bar ƙyalle kusan fari. Na uku mai ya ratsa ya yi masa tabo. Wani ya fito da kyau, da ya bushe sai ya koɗe, na yi kwana biyu ina tunani kafin in gane ruwan rijiyar da muke saye yana da ɗan kanwa-kanwa, na koma matsa lemun tsami a ruwan wanki. Na ɗauko littafi na fara rubutawa kamar ina aji: ƙarfe nawa, minti nawa, akwai gajimare ko babu. A nan abin ya shammace ni. Ba yadda za ka gyara hoto ba ka dube shi ba. Sai na duba in ga ko goshin ya yi haske da yawa, ko ƙarƙashin ido ya yi duhu, ko layin hanci ya fito. Mako da makonni ina kallon fuskar nan kullum, ba don in ga ko ta yi muni ba, don in ga ko aikin ya yi. Hoton ranar kuma yana da taushi, takarda mai mai ba ta fitar da abu kaifi-kaifi, komi yana fitowa kamar ana hango shi ta cikin ruwa. Na fara neman wannan da gangan. In zauna a ƙofar madafa da safe lokacin da hayaƙi yake fita rana tana ratsa shi, ko a ƙarƙashin zogale inda inuwar ganye take sauka a jiki ɗigo-ɗigo.

A hankali na lura mayafin nan yana ɓata mini aiki. Yana fitowa farin dunƙule a rabin hoton, kamar an manna tsumma. Na ja shi baya kaɗan, na sake ja, har wata safiya, a farkon bazara, na jingine wayar a turmi, na danna, ina komawa wurin zamana sai kawai na sauke shi a kafaɗa. Na kalli wayar kai tsaye. Ƙirga goman nan ta yi mini tsawo kamar ta minti goma sha biyar ɗin da nake kwanciya a rana. Ban duba abin da ta ɗauka ba. Da babanku ya dawo na miƙa masa na ce na ƙarshen za a buga. Ya duba, ya sa wayar a aljihu, ya gyara hularsa, ya fita.

Da ya kawo takardar na shafe ta da mai, na ɗora a kan ƙyalle, na ba shi minti goma sha biyu a rana. Na ɗauke gilashin, na ɗauke takardar, na tsoma ƙyallen a babbar roba ina jujjuya shi. Ruwan ya yi ɗorawa, na zubar, na sake. Sai fuskar ta fara tasowa daga ƙasan ruwan, hayaƙi ya lulluɓe kafaɗa ɗaya, haske ya sauka a goshi. Ga bakin a karkace, ga idon a buɗe yana ƙyalli, ban ɓoye komi ba. Amma ba wannan na fara gani ba. Uwata na gani. Inna ta rasu a Korgom ba ta bar hoto ko ɗaya ba, na kai shekara ashirin ina ƙoƙarin tuna fuskarta tana kuɓuce mini, sai muryarta da baƙin zanenta na rini da yake bar mata shuni a wuya. Ga ta nan a cikin roba, da goshinta, da ramin kumatunta, da yadda take kallon mutum in ya yi ƙarya tana jira ya gama. Na zauna a ƙasa, hannuwana cikin ruwan.

Na tuna wankana na fari. Na tuna yadda take tashi ta hura wuta, yadda take taɓa ruwan da gwiwar hannu, yadda take zaunar da ni tana watsa mini da ganye ina ihu tana cewa saura kaɗan. Na tambayi kaina, da a ce ranar bakinta a karkace yake, da na ce ta koma? Wallahi da ko ido ɗaya gare ta, da ko rarrafe take yi, ita nake so. Sai a lokacin na ga girman abin da na yi. Na ɗauka fuskata nake ɓoye wa Mariama, ashe uwa na hana ta, a kwanakin da mace ta fi bukatar tata.

Duk da haka sai da na nemi hanyar sauƙi. Na ce wa babanku ya kai mata ƙyallen, ta gani ta saba, in ya so daga baya in je. Yana kalmashe gefen hoton a keke, bai ɗago ba.

"Na kai miki ƙarya sau ɗaya, na zauna cikin surukaina ina cewa haƙori ne. Wanga karon ba ni zuwa aike. In za ki tahi, in raka ki. In ba za ki ba, ki ninke shi ki sa a adaka."

Muka tafi ranar Lahadi. Mota ta kai mu inda hanya ta ƙare, daga nan sai moto, wato babur, cikin rairayi, ni a bayan wani, shi a bayan wani. Ban rufe fuska ba. A tasha mutane sun kalla, wasu sun kau da kai, wata mai tallan gyaɗa ta ce sannu Inna, Allah ya ba da lafiya, na ce amin, ba abin da ya faɗo daga sama. Muka fara biyawa ta asibiti. Buba ya fito da farar rigarsa, ya durƙusa zai gaishe mu, ya ɗago, ya tsaya. Kunyar suruki ta hana shi kallona, aikinsa kuma ya hana shi kau da kai. Aikin ya yi rinjaye. Ya ce in rufe ido, in ɗaga gira, ya tambayi wata nawa, ya shiga ya fito da maganin ɗigawa, ya ce idon nan bai kamata a bar shi yana bushewa ba. Na ce masa, Buba, ka yafe mini, na san abin da ka zata. Ya sunkuyar da kai ya ce, Inna, ba komi, amma muryarsa ta nuna ya zata ɗin, kuma ya daɗe yana ɗauke da shi.

A ƙofar gidan muka haɗu da Goggo Aisa za ta koma ruga, ƙwarya a ka. Doguwa ce, siririya, ba ta san kwana-kwana ba. Ta sauke ƙwaryar, ta kama haɓata da hannunta ta juya ni dama da hagu kamar mai duba saniya a kasuwa.

"Ashe wannan ne," ta ce. "Ƙanena ya yi irinsa, shekara goma ke nan, shina nan shina kiwo, shina cin tuwo. Ni na ce ko mun yi miki laifi ne. Shiga, ɗiyarki tana ciki. Na yi mata abin da na iya, amma kullum in na ɗaga ruwan sai ta kalli ƙofa."

A'isha ta girma yanzu, ta shiga lakwal, wato makarantar boko, tana zuwa mini hutu, muna shanya ganye a rana tare. Amma in ta faɗi ta ƙuje gwiwa, Goggo take kira, kuma daidai ne, hannun da ya fara ɗaukarta ke nan. Ban taɓa jin kishin wannan ba, na dai san kuɗin abin da na saya da kaina.

Mariama tana zaune a tabarma a inuwar ɗaki, jaririyar a cinyarta, wata biyar da haihuwa. Na yi sallama. Ta fara amsawa kafin ta ɗago, da ta ɗago sai amsar ta tsaya mata a baki. Na yi niyyar in fara miƙa mata ƙyallen, yana ninke a hannuna, amma ban ga amfaninsa ba tunda ga ni. Ta daɗe tana kallona. Ba ta razana ba, ba ta kau da kai ba, ta bi fuskar da ido tun daga goshi har haɓa.

"Tun yaushe?"

"Tun damina."

"Wannan ne? Saboda wannan ne, Inna?"

Na ce shi ne.

Sai ta fashe da kuka, irin na mai fushi, tana magana tana haɗiye rabi. Ta ce ta yi wata biyar tana bin rayuwarta kaf tana neman ranar da ta ɓata mini. Ta ce ta zaci mijinta ne ba na so, har ta fara jin haushinsa ba gaira ba dalili. Ta ce ranar da ta haihu ta kira sunana har ungozoma ta tambaya ko a aika a kira ni ne. Ban katse ta ba, ban kuma kawo zancen Hajiya Mairo ba, don na san ba shi ne dalilin ba. Na tsaya a rana, takalmana a ƙafa, har ta gama. Idona na hagu yana zuba kamar kullum, na dama ya taya shi.

Ta share fuska da gefen zane, ta miƙo hannu. Na zaci hannuna take so, ashe ƙyallen ne. Ta warware shi a kan gwiwarta, ta kare shi daga hannun jaririyar, ta dube shi, ta dube ni.

"Wa ya ɗauke ki?"

"Ni na ɗauki kaina."

"Baba ne ya kalmashe bakin," ta ce, tana bin ɗinkin da yatsa. Ta ninke shi a hankali ta sa ƙarƙashin cinyarta, yadda mutum yake yi da abin da ba shi da niyyar mayarwa. Sannan ta ce, ba tare da ta ɗaga murya ba, "Inna, kwana arba'in ɗin nan dai ba ki iya maido mini su."

Na ce, "Na sani."

Ta gyaɗa kai.  Sai ta ɗaga jaririyar ta saɓa a kafaɗa, ta matsa gefe guda a kan tabarmar, ta kakkaɓe rairayin da ke wurin da tafin hannunta.

"To cire takalmin mana," ta ce. "Kin tsaya cikin rana kamar baƙuwa."